Yadda Ake Zaɓen Zaman da Za a Halarta a Bikin Marubuta

Jadawalin bikin marubuta ba a tsara shi domin mutum ɗaya ya halarci komai da ke cikinsa ba. Masu shiryawa suna da baƙi da yawa da suka gayyato daga nesa, suna da masu ɗaukar nauyi da suke son a ga sunayensu, suna kuma da 'yan kwanaki uku ko huɗu kacal, don haka sukan cika yini tun daga hantsi har bayan Isha'i, wani lokaci ma su jera zama biyu a sa'a ɗaya a zauruka daban-daban. Wanda ya zo da niyyar kada komai ya wuce shi yakan koma gida da gajiya da hotuna a waya da tarin littattafan da ya saya, amma idan aka tambaye shi abin da ya ƙaru da shi sai ya rasa ta inda zai fara. Ra'ayina a kan wannan lamari ɗaya ne, kuma shi zan bi har ƙarshen wannan rubutu: a zaɓi zama gwargwadon buƙatar da aka zo da ita, kuma idan zama biyu suka ci karo, a fifita wanda ba za a iya samun abin da ke cikinsa ba bayan an watse.

Kafin a kai ga jadawali, yana da kyau mutum ya san irin taron da zai je, domin ba duka suke da manufa ɗaya ba. Bikin Aké, wanda aka fara a Abeokuta a 2013 kafin ya koma Legas a 2018, yana tara marubuta daga ƙasashen Afirka da ma wajenta, kuma kusan komai da Ingilishi ake yin sa. Bikin littattafai da fasahohi na Kaduna, wato KABAFEST, wanda aka fara a 2017, ya ɗauko irin wannan tsari ya kawo shi Arewa. Shi kuwa HIBAF, wato bikin littattafai da fasahohin Hausa na ƙasa da ƙasa, wanda ƙungiyar Open Arts ta fara a 2021, adabin Hausa da al'adun Hausawa ya sa a gaba, don haka a nan ne marubucin Hausa zai fi jin ana maganar abin da ya shafe shi kai tsaye. Babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, wani abu ne daban, domin ban da karatu da muƙaloli akwai harkokin ƙungiya da bayar da kyaututtuka, a wasu shekarun kuma da zaɓen shugabanni, kuma wanda ba ɗan ƙungiya ba ne ba shi da abin yi a wasu daga cikin waɗannan zaman. Sanin wannan bambanci tun daga gida yana rage wa mutum rabin wahalar zaɓe.

Mataki na farko ba a jadawali yake ba, a takardar mutum yake. Tun kafin a duba sunayen baƙi, a zauna a rubuta a jimla ɗaya ko biyu abin da ake son a dawo da shi. Wannan yana kama da ƙaramin abu, amma shi ne ma'aunin da za a riƙa auna kowane zama da shi. Wadda ta kammala rubuta ƙagaggen labari tana neman wanda zai tace mata shi da hanyar da za ta fitar da shi, buƙatarta daban take da ta ɗalibin jami'a da yake neman batun da zai yi kundin digirinsa a kai, kuma dukansu sun bambanta da ma'aikacin da ba ya rubutu, karatu kawai yake so, ya ɗauki hutun kwana biyu domin ya ga mutanen da ya daɗe yana karanta ayyukansu. Babu wanda buƙatarsa ta fi ta wani daraja a cikin waɗannan ukun, sai dai jadawalin kowannensu bai kamata ya yi kama da na ɗan'uwansa ba. Kuma ya kamata jimlar ta kasance takamaimiya. "Ina son in ƙaru" ba ta raba wa mutum gardama a tsakanin zama biyu. "Ina son in san dalilin da ya sa tsakiyar labarina take yin sanyi bayan babi na biyar" tana raba gardama nan take, domin za ta kai mai ita wurin da ake maganar tsarin labari, ta hana shi zaman da ake muhawara a kan siyasar adabi, komai girman waɗanda suke kan dandamali.

Bayan an rubuta wannan, sai a ɗauko jadawalin. Na fi son a buga shi a takarda ko a kwafe shi da hannu maimakon a bar shi a waya, saboda a wurin taro caji yakan ƙare, intanet yakan yi rauni idan jama'a suka yi yawa, kuma takarda ce take ba mutum damar ganin yini guda gaba ɗaya a gabansa. A bi shi da biro sau biyu. A karon farko a yi wa duk zaman da ya ja hankali alama ba tare da dogon tunani ba. A karo na biyu a dawo da jimlar nan da aka rubuta, a zagaye zama biyu, ko uku idan an matsa, a kowane yini waɗanda ko me zai faru ba za a bari su wuce ba. Sauran masu alama su zama na idan hali ya yi. Wanda ya zagaye zama shida a yini ɗaya bai yi zaɓe ba tukuna, ya sake komawa.

Abu na gaba shi ne a gane siffar kowane zama, domin take yakan ruɗi mutum, amma siffa ba ta cika ruɗi ba. Bikin buɗe taro yawanci jawabin maraba ne da gaisuwar manyan baƙi da jiran isowar wani babba, kuma shi ne zaman da ya fi kowane jinkiri. Idan akwai babbar muƙala a cikinsa daga wanda aka san yana da abin faɗa, to a je, idan kuwa babu, wannan ne lokacin da ya fi dacewa mutum ya zagaya rumfunan littattafai tun ba a kwashe masu kyau ba. Ƙaddamar da littafi kuma a ƙasarmu sau da yawa taro ne na yabo da tara gudummawa, wanda halartarsa zumunci ne da kara, kuma zumunci abu ne mai kyau, sai dai a san cewa shi aka je yi, kada a lissafa shi cikin zaman da za a koyi sana'ar rubutu, in ban da inda aka sa manazarci na gaske ya yi sharhin littafin.

Inda ake buƙatar lura sosai shi ne zaman tattaunawa na mutane da yawa, domin shi ne ya fi yawa a kowane jadawali. A nan lissafi kaɗan yana taimakawa. A ɗauka an ware sa'a ɗaya, an jera mutum biyar a kan dandamali ban da mai jagorantar zaman. Gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da karanto tarihin kowa zai ci minti goma, tambayoyin jama'a a ƙarshe za su ci sha biyar, sai ya rage minti talatin da biyar, wato minti bakwai ga kowane mutum, in har an fara a kan lokaci kuma babu wanda ya riƙe makirufo ya ƙi saki. A cikin minti bakwai, bayan gaisuwa da godiya ga masu shiryawa, ba abin da mutum zai iya faɗa face abin da ya saba faɗa a ko'ina. Shi ya sa idan aka ba ni zaɓi tsakanin dandamalin mutum biyar da hirar mutum biyu, inda mai tambaya ɗaya zai zauna da marubuci ɗaya ko biyu a kan littafi takamaimai, hirar nake ɗauka kusan kullum. A irin wannan hira ce ake samun lokacin da za a tambayi marubuciya dalilin da ya sa ta kashe wata tauraruwa a tsakiyar labari, ta yi shiru ta yi tunani, sannan ta ba da amsar da ba ta shirya ta daga gida ba.

Sunan mai jagorantar zama, wanda akan rubuta da ƙananan haruffa a ƙasa, ya cancanci a duba shi kamar yadda ake duba na baƙi, ko ma fiye. Jagora nagari ya karanta littattafan waɗanda yake tattaunawa da su, yana da ƙarfin halin katse babba cikin ladabi idan ya kauce, kuma ya san yadda zai jawo mai kunya ta yi magana. Wanda ba haka ba yakan karanto tambayoyi daga takarda, ya jefa tambaya ɗaya ga kowa bi da bi, ko kuma ya mayar da zaman wurin gabatar da tasa muƙalar. Ana iya gane wannan tun kafin ranar. Yawancin masu jagorantar irin waɗannan zama 'yan jarida ne ko malaman jami'a ko marubuta, kuma akan sami hirarrakinsu na baya a YouTube ko Facebook ko a shirye-shiryen rediyo. Kallon minti goma ya isa mutum ya gane ko mai sauraro ne ko mai son a saurare shi. Idan kuma ba a sami komai ba, a tambayi waɗanda suka halarci bikin bara, domin su ba sa manta wanda ya ɓata musu sa'a guda.

Take ma yana da abin da yake nunawa idan an iya karanta shi. Duk taken da ya yi faɗi har ya zama ana iya sa shi a kowane taro a kowace shekara, irin su matsayin adabi a ci gaban al'umma, ko ƙalubalen marubuta a wannan zamani, yawanci alama ce ta cewa an tara baƙin ne tukuna sannan aka nemo musu inuwar da za ta rufe su duka. Taken da ya ƙuntata, misali yadda ake rubuta tarihin iyali daga bakin tsofaffi, ko matsalar fassara karin magana zuwa wani harshe, ko karanta takardun ajami da aka gada a gida, yana nuna cewa wani ya zauna ya yi tunanin abin da yake son a tattauna sannan ya nemo waɗanda suka san shi. Akwai kuma batutuwan da aka daɗe ana jan su a adabin Hausa. Muhawarar da ake yi a kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano ta faro tun shekarun 1990 a jaridu da mujallu, haka nan kukan cewa mutane sun daina karatu, da kwatanta marubutan yau da waɗanda suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da aka shirya a Zariya a 1933. Ga wanda bai taɓa jin waɗannan ba, zama ɗaya a kansu yana da amfani ƙwarai, domin zai san tushen gardamar da zai ci gaba da cin karo da ita. Ga wanda ya sha jin su kuwa, sai ya duba ko akwai sabon mutum ko sabon bincike a cikin masu magana, in babu ya ba wani kujerarsa.

Yanzu sai maganar cin karo, wadda ita ce take sa mutane tsayawa a farfajiya suna duban ƙofa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma dabarar raba sa'a gida biyu, a yi rabi nan rabi can, ita ce mafi muni, domin mutum zai bar na farko daidai lokacin da aka gama gabatarwa aka fara shiga magana, ya isa na biyu ya tarar ana amsa tambayar da bai ji ba. Abin da za a tambayi kai shi ne: wanne ne a cikin biyun zan iya samu daga baya? Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa bukukuwa irin su Aké komawa intanet, ɗaukar zama a bidiyo da watsa shi kai tsaye ya zama ruwan dare. Amma kyamara a babban zaure take zama, inda manyan baƙi suke. Ƙaramin ɗakin da ke baya, inda mutum ashirin suke zaune da edita, ba a cika ɗaukarsa ba, kuma ko an ɗauka, ba za ka iya ɗaga hannu ka yi wa bidiyo tambaya ba. Don haka a je teburin masu shiryawa tun ranar farko a tambaya a fili waɗanne zama ne za a ɗauka kuma a ina za a saka su. Shahararren marubuci yana da hirarraki da yawa a waje, za a kuma sake gayyatarsa baɗi. Dattijon da ya zo daga Katsina ko Sakkwato ko Damagaram da waƙoƙin da ya haddace daga bakin malaminsa, wanda ba shi da shafi a intanet kuma shekaru sun ja, shi ne wanda idan aka rasa zamansa mai yiwuwa an rasa ke nan.

Wannan ba yana nufin a guji manyan sunaye ba. Idan akwai marubucin da littafinsa ya yi tasiri a rayuwar mutum, ganinsa ido da ido da jin muryarsa yana karanta abin da ya rubuta wani abu ne da bidiyo ba ya bayarwa, kuma bai kamata kowa ya ji kunyar cewa saboda wannan kaɗai ya zo ba. Abin da nake ja a kansa shi ne bin suna don suna, a cika zaure saboda an ga kowa ya nufi can, alhali ba a karanta ko shafi ɗaya na mutumin ba. Idan an san za a halarci hira a kan wani littafi, a yi ƙoƙari a karanta ko da babi biyu ne kafin ranar. Bambancin da ke tsakanin sauraron wanda ya karanta da na wanda bai karanta ba yana da girma ƙwarai, kuma wannan ma hanya ce ta zaɓe: littafin da mutum ya kasa samun sha'awar buɗe shi a gida, da wuya hira a kansa ta riƙe shi a zaure.

Ga mai rubutu, taron bita shi ne zaman da ya fi kowane daraja, kuma shi ne wanda aka fi rasawa saboda sakaci. Yawanci kujerunsa ƙidayayyu ne, akan buƙaci rajista tun makonni kafin biki, wani lokaci har da aika samfurin rubutu domin a tantance. Wanda ya bari sai ya iso wurin taro sannan ya fara tambaya yakan tarar an rufe. Saboda haka da zarar an sanar da ranakun biki, bita ce abin farko da za a nema, sauran jadawalin a gina shi a kewayenta. Sai dai ita ma ba kowace ba ce bita ta gaskiya. A tambaya mutum nawa za a ɗauka, sa'a nawa za a yi, kuma ko za a duba rubutun mahalarta. Idan aka ce mutum ɗari ne a sa'a ɗaya, lacca ce aka sa mata wani suna. Ta gaskiya ita ce wadda mai koyarwa zai karɓi shafinka, ya karanta sakin layi na farko a bayyane, ya tsaya ya ce, "Malam, a nan ka gaya mana cewa tana baƙin ciki har sau uku, amma ba mu ga abin da hannunta yake yi ba." Irin wannan gyara yana da ɗaci a gaban mutane, amma jimla ɗaya irin wannan takan gyara littafi sukutum. A je da shafi uku zuwa biyar bugaggu, kwafi biyu ko uku, da suna da lambar waya a sama, kada a dogara da cewa za a nuna a waya.

Kusa da bita a daraja akwai zaman da ake yi da masu wallafa da editoci da masu sayar da littattafai da lauyoyin haƙƙin mallaka. Waɗannan zama ba su da armashi a take, shi ya sa kujerunsu sukan kasance babu kowa, alhali a cikinsu ne ake faɗin abubuwan da rashin saninsu yake jawo wa marubuta asara. A nan ne mutum zai ji cewa lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, ya ji bambancin da ke tsakanin maɗaba'ar da za ta buga maka da kuɗinka ta miƙo maka kwalaye da kamfanin wallafa da zai ɗauki nauyin tacewa da bugawa da rarrabawa ya riƙa biyan ka kaso, ya kuma ji abin da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanada game da ayyukan da ake yaɗawa a intanet. Wannan na ƙarshe ya shafi marubutan Hausa kai tsaye, musamman mata masu fitar da labarai babi-babi a WhatsApp da Wattpad, waɗanda sukan wayi gari su tarar wani yana karanta littafinsu a YouTube yana samun kuɗi ba tare da ya nemi izini ba. Rufe manhajar OkadaBooks a ƙarshen 2023, wadda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu a cikinta, ya nuna cewa tambayar inda mutum zai ajiye aikinsa da yadda zai karɓi kuɗinsa tambaya ce da ta cancanci sa'a guda ta rayuwarsa. Haka nan idan akwai zama da alƙalan wata gasa ko waɗanda suka taɓa lashe ta, irin Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata, mai niyyar shiga ya kamata ta kasance a sahun gaba da tambayarta a rubuce.

Duk da wannan tsantseni, ina ba da shawarar a bar gurbi ɗaya a dukan bikin domin zaman da ba shi da alaƙa da buƙatar da aka zo da ita. Mai rubutun zube ya shiga wurin sha'irai ya ji yadda suke auna kalma da kari da amsa-amo, mai waƙa ya shiga wurin masu fassara, wanda bai taɓa rubuta wa yara komai ba ya zauna ya ga yadda ake riƙe hankalin 'yan firamare da labari. Dalili shi ne jimlar da mutum ya rubuta a gida ta ginu ne a kan abin da ya riga ya san yana nema, kuma akwai abin da bai san yana buƙata ba sai ya gan shi. Amma gurbi ɗaya ya isa, kada ya zama ƙofar da za a dawo da cika jadawali ta bayan gida.

A duba harshen da za a yi kowane zama da shi, domin ba kullum ake rubutawa ba. Akan sa take da Hausa a yi rabin maganar da Ingilishi, ko akasin haka, kuma baƙin da suka zo daga Nijar wani lokaci sukan haɗa da Faransanci. Wanda Ingilishinsa bai yi ƙarfi ba kada ya ɓata sa'arsa a zauren da zai fahimci rabi saboda kunyar a ce bai shiga ba, ya tambaya ko akwai tafinta, in babu ya nemi wanda zai amfane shi.

Sannan akwai jiki da lokaci, waɗanda jadawali ba ya lissafa su. Ba kowane biki ne yake ware lokacin Azahar da La'asar ba, musamman waɗanda ake yi a Kudu, don haka mutum ya ware da kansa, ya kuma san cewa zaman da aka sa tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi na ranar Juma'a a Kano ko Kaduna ko dai zai jinkirta ko kuma a yi shi da kujeru babu mutane. Zaman da yake biye da abincin rana kai tsaye shi ne wanda barci ya fi kama mutane a cikinsa, kada a sa mafi nauyi a nan idan akwai zaɓi. Idan wuraren taron biyu ne a unguwanni daban-daban, a lissafa tafiyar da cunkoson hanya, kada a zagaye zama biyu da suke manne da juna a wurare biyu. Daren waƙa da wasan kwaikwayo sukan kai dare sosai, kuma suna cikin abubuwan da suka fi daɗi a kowane biki, saboda haka wadda take son halarta ta shirya abin hawan komawa masauki da abokan tafiya tun da rana, kada sai an tashi a fara neman a-daidaita-sahu a bakin titi. Jinkiri kuma a sa shi cikin lissafi: idan zaman safe ya makara da minti arba'in, duk na bayansa za su gusa, wani ma a haɗe shi da wani ko a soke shi, don haka a riƙa leƙa allon sanarwa ko shafin masu shiryawa da tsakar rana.

A bar sarari da gangan, aƙalla sa'a ɗaya a yini wadda ba a rubuta komai a cikinta ba. Mafi yawan abin da yake ɗorewa bayan biki a farfajiya ake ƙulla shi, a layin sa hannu a littafi, ko a wurin mai shayi. Edita da ba za ka iya tsayar da ita a kan dandamali ba za ka iya gaishe ta a rumfar littattafai, ka ce, "Hajiya, na ji abin da kika faɗa a kan buɗe labari, ina da rubutun da nake son a duba, ta wace hanya kuke karɓa?" Tambaya ce gajera wadda take da amsa, kuma ta fi a miƙa mata damin takardu a tsaye. Wanda ya cika kowace sa'a da zama ba zai sami lokacin wannan ba, yana fita daga wannan ƙofa yana gudu zuwa waccan.

Idan an shiga zama aka ga ba shi ba ne, ana iya fita, amma fita tana da ladabi. Wanda yake shakka tun farko ya zauna a baya kusa da ƙofa, ya ba zaman minti goma sha biyar, domin wasu sukan fara a sanyaye su yi zafi daga baya, sannan idan zai tashi ya bari sai an sauya mai magana, kada ya miƙe a tsakiyar karatun wani. A ƙaramin ɗaki mai mutum goma kuwa, ko a bitar da aka ba shi kujerar da wani ya nema ya rasa, ya daure ya kai ƙarshe. Lokacin tambayoyi ma ana iya yanke hukunci a kansa: idan mutum na farko da aka miƙa wa makirufo ya fara da cewa shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, jagora kuma ya ƙyale shi ya yi minti biyar, to abin da ya rage na zaman ya tafi, kuma wanda yake da wani zama a gaba yana iya tafiya ya kama kujera.

Kowane dare, kafin a kwanta, a ɗauko takardar a sake duba ta gobe da idon wanda ya riga ya ga wurin. Yanzu an san zauren da lasifikarsa take ƙara, an san jagoran da ya iya aikinsa, an kuma ji wata baƙuwa da ba a san ta ba ta yi magana mai ma'ana a zaman yau, sunanta kuma yana cikin wani zaman gobe da ba a yi wa alama ba. A soke abin da ya cancanci sokewa, a zagaye nata, a rubuta a gefe tambaya ɗaya da za a yi mata idan an buɗe fili. Idan kuma zaman goben yana buƙatar tikiti ko rajista ta daban, a aika saƙo ga masu shiryawa a daren, domin da safe layin teburinsu yakan yi tsawo.